Jawabi a Kan Idon Yaranmu da Sabon Tabarau Mai Rage Gudun Gani-Kusa

 

Iyayenmu dattawa, masu gari da limamai, malaman lakwal da malaman allo, iyaye mata, da ƴan'uwanmu ƴan ci-rani waɗanda wannan takarda za ta iske a Maraɗi, Yamai, Kano, Legas, Abijan da sauran wuraren neman abinci, muna gaishe ku gaisuwa mai yawa, tare da fatan iyali duka suna lafiya. Muna kuma gode wa ƴan'uwan da suka taso daga Gazawa, da Tibiri, da Gidan Rumji domin su halarci wannan zama na Agiye. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Dalilin wannan jawabi shi ne, waɗansu daga cikin ƴan'uwanmu na birni sun ji labarin wani sabon tabarau da aka ce yana tsayar da lalacewar idon yara. Sun aiko suna tambaya ko gaskiya ne, kuma ko ya kamata mutum ya tara kuɗi ya saya wa ɗansa. Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu yi bayani. Amsar a taƙaice ita ce: tabarau ɗin gaskiya ne, yana kuma aiki, amma akwai abubuwa uku da suke gabansa, wato awon ido, da tabarau na yau da kullum, da hasken rana. Wanda ya tsallake waɗannan ukun ya ruga wajen na huɗu, ya yi asarar kuɗinsa. Ga bayanin dalla-dalla.

WANE CIWO NE WANNAN?

Mu a nan ƙasar mun san ciwon ido iri-iri. Mun san amodari, wanda yake juyar da gashin ido ya riƙa sukar ƙwayar har ta mutu. Shekaru da dama shirin ƙasa na kula da lafiyar ido ya yi ta yaƙi da shi a jihar Maraɗi, da taimakon cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, ana raba magani gari-gari, ana yi wa masu juyayyen gashi aiki. Mun san yana, wadda take rufe idon tsofaffi. Mun san dundumi, mai hana gani da almuru.

Wanda muke magana a kansa yau dabam yake da waɗannan duka. Likitoci suna ce masa miyopi. Mu bari mu kira shi gani-kusa, don kuwa mai shi yana ganin abin da ke kusa da shi garau, na nesa kuwa sai ya zame masa hazo-hazo. Idon ba ya ja, ba ya ruwa, ba ya kwantsa, ba ya zafi. In ka dube shi, lafiyayye za ka gani. Saboda haka ne yake ɓoyewa shekara da shekaru. Shi kansa yaron bai san da matsala ba, yana zaton kowa ma haka yake ganin duniya.

Inda abin yake fara bayyana shi ne aji. Mushe ya yi rubutu a babban allo, yaron da ke bencin baya ba ya gani. Sai ya riƙa ƙanƙance ido, ko ya leƙa littafin na kusa da shi, ko ya kwafi abin da ba shi ne aka rubuta ba. Sai a ce daƙiƙi ne, ko a ce malalaci ne, wani lokaci har da bulala. Ya maimaita aji sau ɗaya, sau biyu, daga nan a ce lakwal ba rabonsa ba ce. In ɗiya mace ce, sai a ce gara ta zauna gida. Alhali kuwa ƙwaƙwalwar lafiya lau take, allon ne kawai ya yi wa idon nisa.

YADDA ABIN YAKE FARUWA CIKIN IDO

Dattawa da yawa sun tuna da majigi, lokacin da ake kafa farin ƙyalle a dandali a haska hoto a kai. In an kafa ƙyallen daidai inda ya kamata, hoto ya fito sarai. In an ja shi baya fiye da ƙima, hoton ya dushe. To ido ma haka yake. A can bayansa akwai wani tantani mai karɓar haske, shi ne farin ƙyallen ido. Jariri ana haihuwarsa da ido mai tsawon wajen milimita 17 daga gaba zuwa baya. Idon babban mutum wajen milimita 23 zuwa 24 ne. Gani-kusa yana samuwa ne in idon yaro ya zarce da tsawo, tantanin ya ja baya, hoton abin da ke nesa ya haɗu a gabansa maimakon a kansa.

Abin ba ya bukatar tsawo mai yawa. Ƙarin milimita ɗaya tak, wato abin da bai kai ƙwayar gero ba, yana ƙara wa tabarau lamba biyu da rabi zuwa uku. Lambar masu gani-kusa ana rubuta ta da alamar ragi a gaba: -1, -2, -3, haka har sama. Ciwon ya fi farawa a shekarun firamare, ya yi ta ƙaruwa muddin yaro yana girma, ya lafa wajen shekara 20. Wanda ya fara da wuri shi ne ya fi yin nisa.

Haɗarin yana ga wanda lambarsa ta kai -5 ko -6 zuwa sama. Idon da ya yi tsawo haka, tantaninsa ya miƙe ya yi siriri kamar fatar da aka ja a bakin ganga. Lokacin da mutum ya manyanta, tantanin yana iya yagewa ko ya ɓamɓare, yana kuma jawo hawan jinin ido da yana tun kafin tsufa. Waɗansu daga cikin waɗannan, tabarau ba ya gyara su. Masana biyu, Bullimore da Brennan, sun nuna a 2019 cewa duk lamba ɗaya da aka hana ƙaruwa a ƙuruciya tana rage haɗarin lalacewar tsakiyar tantanin da kashi 40 cikin 100. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake neman hanyar rage wa ciwon gudu.

YAWANSA A DUNIYA DA WAJENMU

A manyan biranen gabashin Asiya, kamar na Sin, da Taiwan, da Singafo, da Koriya ta Kudu, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare suna da gani-kusa. Kakanninsu ba haka suke ba. Cikin shekaru kamar hamsin abin ya hau, sa'ad da yara suka koma zaman ɗaka da karatu tun safe har dare. A 2016, Brien Holden da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa in aka ci gaba a haka, zuwa 2050 rabin mutanen duniya za su kasance da shi.

Mu a Afirka, alhamdu lillahi, abin bai kai can ba. Wani nazari da aka buga a 2022, wanda ya tattara awon da aka yi wa ƴan makaranta a ƙasashen Afirka dabam-dabam, ya sami kusan yara 5 cikin 100. Kada mu raina wannan. In aka bi wannan lissafi, ajin da ke da yara 60 ba zai rasa uku ba, makarantar da ke da aji shida kuwa ku yi lissafi da kanku. Sa'an nan an lura abin ya fi yawa a birni bisa ƙauye. To ɗiyan wa ke birni? Namu ne, ɗiyan ƴan ci-rani, waɗanda suke kwana cikin ɗaki ɗaya na haya, su fita lakwal, su dawo Islamiyya, da dare kuma wayar hannu tana gaban hancinsu.

SABON TABARAU

Tabarau na yau da kullum yana mayar da hoto kan tantani, yaro ya gani garau, amma ba ya hana idon ci gaba da tsawo. Shi ya sa bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sake wani mai lamba mafi girma. Sabon yana yin aiki biyu a gilashi ɗaya. Tsakiyarsa tana ɗauke da lambar yaron, ta nan yake gani. Kewaye da tsakiyar kuma an jera ɗaruruwan ƴan ɗigo-ɗigo ƙanana, kowane kamar milimita ɗaya, ba a ganinsu sai an karkata gilashin ga haske. Waɗannan ɗigo suna tara wani sashe na haske a gaban tantanin, ta gefe-gefe. Idon da ke girma yana bin inda haske ya taru. In ya ji hasken yana gabansa, sai ya sassauta ja da baya.

Iri biyu ne suka fi suna. Na farko sunansa MiYOSMART. Jami'ar koyon fasaha ta Hong Kong ce ta ƙirƙiro shi tare da kamfanin Hoya na Japan, aka fara sayar da shi a 2018. Yana da ɗigo wajen 400. An gwada shi shekara biyu a kan yara ƴan shekara 8 zuwa 13, yara 160 suka kai ƙarshen gwajin. Waɗanda suka sa shi, ƙaruwar lambarsu ta ragu da kashi 52 cikin 100, tsawon idon kuma da kashi 62, in an gwada da masu tabarau na yau da kullum.

Na biyu sunansa Stellest, na kamfanin Essilor na Faransa, an fara sayar da shi a Sin a 2020. Shi ɗigonsa 1,021 ne, an jera su zobe 11. A gwajin shekara biyu da aka yi a jami'ar likitanci ta Wenzhou, yaran da suka sa shi awa 12 ko fiye kowace rana, ƙaruwar lambarsu ta ragu da kashi 67 cikin 100. A watan Satumba na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin sayar da shi domin yaran da suka fara sa shi tsakanin shekara 6 zuwa 12.

Kun ji ke nan, maganar tana da tushe. Amma a riƙe waɗannan abubuwa da kyau.

Na ɗaya, rage gudu yake yi, ba ya warkarwa. Idon da ya riga ya yi tsawo ba ya komawa. Misali, yaron da lambarsa za ta ƙaru da biyu cikin ƴan shekaru, da wannan tabarau sai ta ƙaru da ɗaya. Duk wanda ya ce muku yana da gilashin da zai mayar da ido yadda yake a da, ku riƙe aljihunku.

Na biyu, sai an sa shi wuni guda, kullum, shekara da shekaru, har girman yaro ya tsaya. Tabarau da ke kwance cikin jaka ba ya aikin komi.

Na uku, sai an daidaita tsakiyar gilashin da ƙwayar idon yaron, a kan firam ɗin da ya zauna masa daidai a fuska. Saboda haka ba abin da za a saya a Legas ko Dubai a aiko da shi tsaraba ba ne. Sai yaro yana gaban mai awo. Bayan haka kuma sai a riƙa komawa awo kamar kowane wata shida.

Na huɗu, yana da tsada, ya ninka na yau da kullum sau da yawa, kuma in lamba ta canja ko ya fashe sai an sake saye. Wanda ya fi cancanta a yi wa wannan ɗawainiya shi ne yaron da ciwon ya kama tun yana ƙarami, lambarsa tana hawa da sauri kowace shekara, musamman in uwa ko uba suna da shi mai tsanani. Likitan ido ne zai faɗi haka bayan ya auna sau biyu ko uku. Akwai kuma maganin ɗigawa mai suna atirofin, wanda ake tsarma shi ƙwarai, an gwada shi a Singafo da Hong Kong domin wannan aiki. Shi ma sai da hannun likita.

TABARAU NA YAU DA KULLUM

Yawancin yaranmu masu gani-kusa ko tabarau na yau da kullum ba su taɓa sawa ba. Wannan ita ce babbar matsalarmu a yau. A ƙauyukan yammacin Sin an yi wani gwaji a makarantun firamare 252, aka buga sakamakonsa a 2014. An tarar cikin yaran da ke bukatar tabarau, kashi 15 cikin 100 ne kawai suke da shi. Da aka raba wa waɗansu kyauta, makinsu na lissafi ya ƙaru kafin shekara ta ƙare. Ba a canja malami ba, ba a canja littafi ba.

Akwai magana biyu da ke yawo cikin mutane, ya kamata mu gyara su. Ta farko, wai tabarau yana cinye idon yaro, wanda ya fara sawa ba ya dainawa. Abin da ke faruwa shi ne idon yana ƙara tsawo don yaron yana girma, ko ya sa ko bai sa ba. Hana shi tabarau ba ya tsayar da komi, sai dai ya hana shi karatu. Ta biyu, wai kowane gilashi gilashi ne. Wanda ake shimfiɗawa a faifai ranar kasuwa, wanda dattawa suke saye don karatun Alƙur'ani da zura zare a allura, lambarsa mai alamar ƙari ce, aikinsa taimakon ganin kusa. In ka sa wa yaro mai gani-kusa shi, nesa ƙara dushe masa za ta yi. Araha ba ta ado.

HASKEN RANA

Yanzu ga abin da Allah ya hore mana kyauta. A 2008 aka kwatanta yara ƴan asalin Sin, ƴan shekara 6 zuwa 7, mazauna birane biyu. A Singafo kashi 29 cikin 100 suna da gani-kusa. A Sidni ta Ostareliya kashi 3 ne kawai. Jini ɗaya ne. Bambancin da ya fi fitowa shi ne yaran Sidni suna yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo awa 3. A birnin Gwanzu, inda ƴan kasuwarmu suke zuwa sarin kaya, an ƙara wa waɗansu makarantu minti 40 na wasa a waje kowace rana. Bayan shekara uku, cikin yara 100 kusan 30 suka kamu, a makarantun da ba a ƙara ba kusan 40. An buga wannan a 2015. Ƙasar Taiwan kuwa tun 2010 ta umarci makarantunta su riƙa fitar da yara awa biyu kullum, kuma aka ga raunin gani da ke ta hawa shekara da shekaru ya fara sauka.

Masana suna ganin haske mai ƙarfi yana sa tantanin ido ya fitar da wani sinadari mai rage masa saurin tsawo. Ba sai yaro ya tsaya cikin garjin rana ba, kuma kada a kuskura a bar shi ya kalli ƙwayar rana. Inuwar itace ta isa, don haskenta ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa. Gawon da manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu suka raya a gonaki ta hanyar sassaben zamani, da dogon yaron da ke ƙofar gidajenmu, da rumfar makarantar allo, duk wuraren kiwon ido ne. Hasken waje ya fi ƙarfi wajen hana ciwon farawa. In ya riga ya kama, sai an haɗa da tabarau. Riga-kafi ya fi magani.

Yaron ƙauye mai kiwo da zuwa gona ya sami rabonsa na haske. Gargaɗin ya fi shafar ku ƴan'uwanmu na birni. Ku bar yara su yi wasa a waje awa biyu a rana. Ku rage musu riƙon waya. In suna karatu, kada littafi ya manne da fuska, kuma su riƙa ɗaga kai suna duban nesa lokaci-lokaci. In an yi babban hutu, ku aiko su gida su yi damina tare da kakanninsu. Za su koyi zumunci, idonsu kuma ya amfana.

ABIN DA MUKE ROƘON TARO YA AMINCE DA SHI

1. Kowace shekara a watan Oktoba, lokacin komawa lakwal, a gwada ganin yaran garuruwanmu. Ranar gani ta duniya ma Alhamis ta biyu ce ta wannan wata. Akwai takardar gwaji mai harafin E da ke fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu, ana kafa ta a nisan mita 6, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan. Ko yaron da bai iya karatu ba yana nunawa da yatsu. A nemi ma'aikatan likita su koya wa malamai yadda ake yi, a haɗa da almajiran allo da ɗiya mata.

2. Yaron da ya kasa, a mayar da shi bencin gaba tun ranar, a kuma sanar da iyayensa.

3. A kai shi wurin masu aikin ido na gaskiya. A fara da asibitin gunduma, su nuna hanya. A Maraɗi akwai babban asibitin jiha da asibitin ido na Makka. Mazauna Najeriya suna da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda yake aiki tun 1943, da cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Ana ɗiga wa yaro magani kafin awo don lambar ta fito daidai, ganinsa zai ɗan dushe na wani lokaci, kada wannan ya tsorata kowa.

4. A keɓe wani kaso daga asusun ƙungiya domin kuɗin mota da tabarau na marayu da ɗiyan marasa hali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Kowane uba ya adana takardar awon ɗansa kamar yadda yake adana takardar gona. Da ita ce likita zai gane ko lamba tana gudu, ya kuma faɗi ko lokacin neman sabon tabarau ya yi.

6. Iyaye mata da dattawa su tsawata wa masu yi wa yaro dariya don ya sa tabarau. Da yawa suna cire shi a hanya saboda kunya.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ido ma tun yana girma ake iya yi masa dabara. Muna roƙon wakilan kowane gari su karanta wannan takarda a ƙofar mai gari da bayan sallar Juma'a, su kuma kawo wa kwamiti adadin yaran da aka gwada a zama mai zuwa.

Allah ya tsare mana idanunmu da na zuriyarmu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.